Damƙin Ƙasa a Buhun Aya

Jikata Rakiya ce ta tado wannan magana, kuma ita ce riƙe da alƙalami, don ni ban taɓa shiga lakol, makarantar boko, ba, ko inuwar bangonta ban zauna ba. Ta zo hutun Sallah daga Yamai, inda take aiki a buron ma'adinai, wato ofishinsu. Muna zaune gindin dogon yaro ina tsintar wake, sai na ce mata, wai ku me kuke haƙowa ne a buron nan, tunda ban taɓa ganin kantar hauya a tafin hannunki ba? Ta yi dariya, ta ce an ba ta aikin karanta labarin wani ƙarfe da ake kira nikel, wanda ake haɗawa a yi batir da tukwanen da ba su tsatsa. Ta ce ba a haƙar shi nan wajenmu, amma akwai ƙasashen da Allah ya ba, da can suna kwasar shi da ƙasarshi da duwatsunshi su loda wa jirgin ruwa, wasu can su narke su ci moriya. Sai hukumar wata ƙasa ta ce daga yau ba mai fita da shi ɗanye, sai an tace shi a gida.

"To, ya suka ƙare?" na ce.

"Kaka, inda masu duba doka suka tsaya da gaske, aiki ya gyaru, abin da ake samu ya ƙaru. Inda kuwa mai dubawa ke kau da kai in nashi ne ya zo, dokar ta zama takarda kawai."

"Wannan ne aka kai ki Yamai ki karanto? Ai da ni kika tambaya, da ba a wahalar da mota ba. Tashi ki ɗauko takarda."

Ga dalilin da ya sa na ce a rubuta. Har yau akwai masu cewa a garinmu, nan kusa da Gangara, wai Gaje, wato ni, ta tozarta ɗanta na fari a bainar jama'a don an ba ta shugabanci ya hau mata kai. Wasunku, jikokina, kun ji wannan magana a bakin rijiya, kun zo kun tambaye ni da ido, ba ku tambaya da baki ba. To ni ba na so in kwanta dama in bar ku da rabin labari. Ɗan nawa na fari, uban Rakiya, kun san ba na kiran sunanshi, kunyar ɗan fari ce irin wadda muka taras. Babba nake ce mashi, shi ma sai ta kama dole. Ba na zama in yi hira da shi, ba na dariya a gabanshi, in ina da saƙo sai in ba wani ya faɗa mashi ko da yana tsaye a wurin. Ku riƙe wannan, in ba ku riƙe ba ba za ku gane nauyin abin da ya faru ba.

Mu mutanen aya ne. Gero na ci ne, amma aya ita ce sutura, ita ce kayan ɗakin ɗiya, ita ce maganin asibiti. Kuma duk wanda ya ce aya noma ce kawai bai taɓa haƙar ta ba. In ganye ya bushe a sa mashi wuta, maza su bi da hauya su tuge ƙasa, mu mata mu biyo baya da rariya, mu ɗebi ƙasa mu girgiza, mu ɗeba mu girgiza, tun hantsi har rana ta yi ja. Gona sukutum sai an ɗaga ta an tankaɗe ta kamar garin tuwo. Mu dawo gida jajaye wur, ido kaɗai ke da fari, jariri ma sai ya tsaya ya ƙare wa uwarshi kallo kafin ya yarda ya kama nono. Shi ya sa na ce wa Rakiya mu ma masu ma'adinai ne, namu dai taunawa ake.

Malam, maigidana, kakanku, Allah ya jiƙan shi, yana da wata al'ada da ya gada wajen nashi uban, kuma kusan kowane gida na yin ta. In an cika buhu, kafin a ɗinke baki, sai ya duƙa ya damƙi ƙasar gonar, ya yi bisimilla ya zuba a ciki. Yakan ce aya ɗiyar ƙasa ce, ba a raba ɗiya da uwarta ba guzuri. Damƙi guda ne fa, abin da tafin hannu ya rufe. To amma dillalan da ke zuwa daga ƙetaren iyaka, su da ke sayen buhu yadda yake, sai suka ce tunda akwai ƙasa ciki dole su rage farashi. Manomi ya ga an rage mashi don ƙasa, ya ce to bari ƙasar ta kai abin da aka rage. Damƙi ya zama ƙoƙo, ƙoƙo ya zama ƙwarya. Dillali ya ƙara ragewa. Mu kuma mata da ake auna mana ladan aiki da tiya, aya da tsakuwa duk cika tiya suke, wace ce za ta tsaya tsinta? Kowa na cutar kowa, kowa kuma na rantsuwa shi aka cuta. Malam bai taɓa wuce damƙinshi ba har ya bar duniya, amma farashin masu ƙwarya ake ba shi.

Wata shekara na je biki wajen dangin uwata, can ƙetaren iyaka. Na shiga kasuwarsu, sai na ga aya fes a manyan faranti, an gyara ta, an ware manya daban ƙanana daban, mai sayarwa na ta yi mata kirari da sunan garinsu. Na zaga bayan rumfar, sai ga tsibin jar ƙasa da suka rairaye suka zubar. Na duƙa na ɗeba na murza. Ƙasar da ta shiga idona da hancina shekara da shekaru, zan kasa gane ta? Na dawo gaban rumfar.

"Ɗiyata, ina ake noma wannan aya haka?"

"Tamu ce ta nan, Iya. Ba irin ta mutanen Faranshi mai karya haƙori ba."

Haka suke kiran mu, mutanen Faranshi, don Faransa ce ta mulke mu. Na sayi ɗan ƙulli na ci a mota, ayar da wataƙila ni na rairaye ta da hannuna. Ta yi mani zaƙi a baki, ta tsaya mani a wuya. Da na dawo ban gaya wa Malam abin da na gani bayan rumfa ba. Na haɗiye shi, ya zauna a cikina shekaru.

Sai ga shekarar da nake so ku sani. Malam ya rasu da bazara, kafin ruwan shuka. Na yi takaba, Babba ya ɗauki gonar ubanshi, wadda ke da babban gawo a tsakiya, ya noma ta kamar wanda ake kallo daga sama. Aya ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. An fara haƙa ke nan sai muka ji a rediyo an rufe iyaka. Muka ce kwana biyu ne. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba dillali ko guda. Samari suka gwada bi da buhuna ta daji a kan moto, wato babur, wasu suka dawo ba buhu, wasu suka dawo ba buhu ba moto. Buhuna suka taru a zauruka har ba wurin shimfiɗa wa baƙo tabarma, ɓeraye suka yi ƙiba, sauran ayar kuwa aka bar ta kwance a ƙasa, don wa zai haƙo abin da ba mai saye? Rufe iyakar nan ya gasa mana aya a hannu, kuma abin haushi ayar tamu ce.

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar buron noma daga Gazawa, Madam Zalika, ta zo a kan motonta, ta sa maigari ya tara mu, maza gefe mata gefe. Ƴar siririya ce, amma muryarta na kaiwa bayan taro.

"Akwai masu saye da ke bi da kaya ta hanyar yamma," ta ce. "Amma ba su sayen ƙasa. Hukuma ta ce lodin da ke da takardar tsabta zai wuce shingen duwan, wato ƴan kwastan, ba tare da an sauke shi ba. Takardar kuwa ba a ba mutum ɗaya, sai ƙungiya mai suna da alama. Ranar lodi mai dubawa zai zo da ƙarfenshi ya soka buhunan da ya ga dama. In ƙasa ta biyo ƙarfen a buhu guda, lodin duka ya faɗi, kuma alamarku ta mutu ke nan."

Aminiyata Dije, wadda muka yi wasan ƙasa tare kuma bakinta ba ya da marfi, ta ɗaga hannu.

"Madam, kin taɓa rairayar aya?"

"A'a, Inna."

"Shi ya sa bakinki ke da daɗi."

Aka yi dariya, har Madam ɗin. Amma da dariya ta lafa kowa ya ga ba wata ƙofa sai wannan. Aka ce mata ne za su riƙe ƙungiya, tunda rariya a hannunsu take. Da aka zo kan wadda za ta duba buhuna, Dije ta sake buɗe baki.

"Ku ba Gaje. Matar da ko ɗanta ba ta yi wa dariya, wa za ta yi wa?"

Haka aka ɗora mani, da wasa. Na miƙe na ce tunda kun ba ni, to ga doka, kuma ba ta da tsawo: ba ƙasa, ba tsakuwa, ba gauraye. Ladan mai rairaya kuma daga yau da tsabtatacciyar aya za a auna shi. Na tambaya sau uku ko an yarda, sau uku aka ce an yarda. Babba na zaune cikin maza, na gan shi ta wutsiyar ido, shi ma ya ce ya yarda. Alamarmu kuwa, tunda ba ni da rubutu, na ce a zana rariya, da'ira da ɗigo-ɗigo a ciki, a buga da shuni a kafaɗar buhu. Meri, wato ofishin magajin gari, ta ba mu wata tsohuwar magaza, ɗakin ajiyar kaya. Tanko maƙeri, da muka matsa mashi lamba, ya huhhuda gangar ƙarfe ya sa mata mariƙi, gefe guda ƙananan huji don ƙasa, gefe guda manya don ware aya. Da farko ya ce shi bai ƙera wa mata abin wasa, daga baya shi ke tsayawa yana nuna wa baƙi yana cewa dabararshi ce.

Abin da ya ba ni mamaki ba gangar ba ce, hannayen mata ne. Matan nan da na san su da sauri-sauri a cika tiya a tafi, sai ga su suna tsintar tsakuwa kamar masu zaɓen gwal, suna komawa tsibin da suka riga suka rairaye suna ciro ayar da da can ake bar wa kurege. Gonar da kan ci mana wata guda sai ga ta ta ƙare a mako biyu, kuma abin da ya fito cikinta ya fi na da. Gona ba ta sake ba, ruwan sama bai sake ba, hannun ma shi ne na jiya. Abin da ake aunawa kawai aka sake. Tsofaffin buhunan da ke zauruka kuma duk aka farke su aka sake bi.

An ce kamyo, babbar motar lodi, zai zo ranar Asabar. Ranar Alhamis na zauna ƙofar magaza da ƙoƙon shunina, kowa ya kawo nashi. Ni ba ni da ƙarfen sokawa, hannu nake turawa cikin buhu har gwiwar hannu, in juya, in ciro in duba. Tun da hantsi na mai da wa Dije buhu biyu, ta tafi tana cewa Allah ya isa tsakaninta da bakinta da ya zaɓe ni. Na mai da na ƙanen maigari. Kowa na guna-guni, amma kowa na komawa ya gyara. Rana ta take tsaka sai ga amalanken shanu daga gonar gawo, Babba na jan igiya, matarshi Hinde na biye. Buhu goma sha biyu. Mutane suka dare suka ba shi hanya, ana cewa ga ayar marigayi. Aka kwance bakin na farko, manya-manya, jajaye, ba ko ƙwayar tsakuwa. Na tura hannu. Ban kai wuyan hannu ba na ji ta, mai laushi, mai ɗan ɗumi. Na buɗe na biyu, na uku, har na ƙarshe. Kowanne damƙi guda, ba ƙari ba ragi, a daidai inda Malam ke zuba tashi.

Can baya masu juya gangar Tanko suka tsaya da aiki. Dije, da ta dawo da nata buhunan, ta matso ta sa baki a kunnena.

"Damƙi ne kawai, Gaje. Maraya ne bana. Buga alama, ba wanda ya gani."

"Hannuna ya gani," na ce.

Kada ku ɗauka ban yi tunanin bugawa ba. Na yi. Buhu goma sha biyu cikin lodin gari guda, wataƙila ƙarfen mai dubawa ba zai bi ta kansu ba. Amma wataƙila ce, kuma a kan wataƙilar nan abincin gidaje da yawa ke zaune. Sannan ga ƙanen maigari tsaye yana kallon hannuna. In na buga wa damƙi yau, gobe ƙoƙo zai zo ya ce shi ma ɗan wata ne. Na share hannuna a zane, na dubi shanu, don ba zan iya duban shi ba.

"A gaya wa mai amalanken nan kayanshi ba su shiga ba."

"Inna," ya ce, muryarshi ƙasa-ƙasa, "ba ha'inci ba ne. Kin san ko mene ne."

"Na sani."

"Kin sani, kuma a gaban mutane?"

"A gaya mashi ya juya shanunshi, akwai masu jira."

Ya ɗaure bakin buhunan ɗaya bayan ɗaya, bai bar kowa ya taya shi ba, ya juya shanu. Wannan shi ne abin da mutane suka gani, kuma shi suke ba da labari. Abin da ya biyo baya ba su gani ba.

Sai safiyar Juma'a. Tunda Babba ya yi wayo bai taɓa fashin zuwa ya durƙusa ƙofar ɗakina ya gaishe ni ba, ni kuma in amsa ta bayan asabari. Ran nan na jira har rana ta hau katanga, ba takun ƙafarshi. Sai Hinde ta shigo da koko, ta ajiye, ta ƙi tashi.

"Inna, tun jiya bai sa komai a bakinshi ba. Buhunan ma bai kawo gida ba, gona ya mai da su. Shi ya tsince ayar nan da kanshi, ƙwaya-ƙwaya, don kada a ce ɗan shugaba ya kawo tsakuwa. Amma ya ce mani buhu ya fita gonar Baba ba guzuri, a shekarar farko, kamar ya sake binne shi ne."

A nan ne na gane laifina, kuma ku rubuta shi, don ban cika faɗin laifina ba. Mai da buhunan ba laifi ba ne, ko yau aka sake zan mai da su. Laifina shi ne na kafa doka gaban gari, na tambayi kowa sau uku, amma ban kira ɗana gefe na ce mashi, dokar nan har da damƙin ubanka ba. Shi ya ɗauka ƙwaryar macuta nake nufi. Tun rasuwar Malam ban zauna da shi na ce ya haƙuri ba, kunya ta hana, na bar shi yana makokinshi da ƙasa a cikin buhu. Kunya ado ce, amma ran nan na ga inda ta yi mani tsada.

Na yafa mayafi, na ɗauki ƙwaryar da Malam ke shan fura, na kama hanyar gona. Na same shi zaune kan buhu gindin gawo. Da ya gan ni ya zame ƙasa ya durƙusa, amma kanshi na kallon gefe. Na zauna kan saiwar gawon. Ba Hinde, ba Dije, ba wanda zan ba saƙo. Dole na yi magana da bakina.

"Ka ga saiwar nan da nake zaune a kai? Lokacin da aka kawo ni gidanku ba a ganin ta, ƙasa ta rufe ta. Iska ta kwashi rabonta, mu ma mun ɗinke namu a buhu mun aika."

Ya dubi saiwar, na ci gaba.

"Ka san inda guzurin ubanka ke ƙarewa? Na gan shi da idona." Sai na ba shi labarin kasuwar nan, da farantin aya, da yarinyar da ta ce mana masu karya haƙori. "Ƙasar na bayan rumfa a tsibe, awaki na fitsari a kai. Ita ke nan. Ayar ta tafi da sunan wasu, ƙasar ta kwana a juji."

Ya ɗago kai, karo na farko da na tuna mun haɗa ido tun yana goye.

"Baba ya sani?"

"Ban faɗa mashi ba. Mutum na yin abu da zuciya ɗaya, sai in ɓata mashi?"

"To ni me ya hana ki faɗa mani?"

"Kai kuma kunyarka nake ji."

Sai ya yi wata irin dariya da ta fito tare da hawaye, ya sa hannun riga ya share. Muka zauna haka, shanu na tuƙa. Can ya ce to yanzu ya za a yi da bisimillar da aka riga aka yi? Na ce bisimilla ba ta zubewa ta hujin rariya. Aya ta riga ta yi sallama da uwarta. Ɗiya ce ke tafiya gidan wani, uwa gida take zama.

Ya tashi ya je ya ɗauko gangar Tanko a amalanke, don ran nan mata sun gama da ita. Namiji bai juya rariya a garinmu, amma shi ya kama mariƙin, ni na riƙe ƙwarya a ƙarƙashi. Muka yi shida kafin sallar Juma'a, shida bayan an sauko. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya bakin gona suna kallo. Wani abokin wasanshi ya ɗaga murya.

"Babba, saura zane da ɗankwali!"

"Kawo na matarka," ya ce, bai ko tsaya ba, "na ji an mai da maka buhu uku jiya, ita ma ba ta iya ba."

Ranar Asabar kamyo ya zo, mai dubawa ya zo da ƙarfenshi, Madam Zalika na tsaye tana cizon leɓe. Ya yi ta soka, yana zuba abin da ya fito a tafin hannu yana hurawa. Cikin waɗanda ya soka har da biyu na gonar gawo, na san su da ɗinkin Babba. Ku tsaya nan ku yi tunani, ni na riga na yi nawa. Ya buga hatimi, kamyo ya tashi, Dije ta rangaɗa guɗa kamar ita ta haifi ayar. Ta juyo ta ce mani ashe gara da ban ji maganarta ba, na ce mata yaushe na taɓa ji?

Daga baya an buɗe iyaka, dillalan nan suka dawo, suna neman buhu yadda yake a farashin da. Muka nuna masu rariyar shuni muka ce wannan ake sayarwa yanzu. Sun yi fushi sun tafi, sun dawo sun saya. Akwai garuruwan da aka ba irin takardarmu shekara guda da mu, yau ba su da ita, ba don ayarsu ta fi tamu muni ba, sai don mai dubawarsu na da ƴan'uwa da yawa. Ni yanzu ido ya yi rauni, Hinde ce ke zama ƙofar magaza, kuma an ce ta fi ni tsanani. Ina zaune inuwa, ina cin ayar da aka jiƙa mani don haƙori, ban da abin da zan ce wa Allah sai godiya. Al'adar kuma ba ta mutu ba. Ku je gonakinmu lokacin haƙa za ku gani: mai gona ya damƙi ƙasa, ya yi bisimilla, ya taɓa bakin buhu da ita, ya mai da ta inda ya ɗebo.

Saura abu ɗaya, wanda ko Hinde ba ta sani ba. Ran Juma'ar nan, da muka gama buhu na ƙarshe, ƙwaryar Malam ta kusa cika da jar ƙasa, damƙi goma sha biyu. Na miƙa wa Babba, ya ƙi karɓa, ya ce mu zuba tare. Muka kama ƙwaryar hannu bibbiyu, muka juye ta kan saiwar gawon, ya sa tafin hannu ya daddaɓe ta kamar mai lallashin jariri. Yana duƙe haka, ƙeyarshi sak ta ubanshi, sai na kira shi da sunanshi na yanka, a hankali, sau ɗaya. Tun ranar da liman ya raɗa mashi shi ban taɓa furta shi ba. Bai ɗago ba, ya dai ce, "Na'am, Inna."

Ga Rakiya nan ta ɗaga alƙalami tana jira wai in maimaita sunan ta rubuta. Ke dai ba ki da kunya. Sau ɗaya na ce, kuma na riga na kashe shi a gindin gawo. Rufe takardar ki miƙo mani wakena.